Yadda Ake Haɗa Zanen Manne da Guntayen Yadi da Takarda, a Rataya Shi a Ɗaki da Kuɗi Kaɗan

Zanen manne shi ne a yanka ko a yayyaga takardu da ƙyallaye da sauran abubuwa marasa kauri, a jera su a kan wani faffaɗan abu mai ƙwari, a liƙe su har su ba da siffa guda wadda ido zai so kallo. Ba sai mutum ya iya zane da fensir ba, kuma mafi yawan kayan aikin abubuwa ne da ake sharewa a zubar a shagon tela ko a bayan kanti. A Turai ana danganta shigar wannan salo cikin manyan ayyukan zane da shekarar 1912, lokacin da Georges Braque da Pablo Picasso suka fara liƙa guntayen jarida da takardar ado a jikin zanensu a Faransa, daga baya kuma Henri Matisse, da rashin lafiya ta hana shi tsayuwa mai tsawo, ya koma yanka takardu masu launi da almakashi har zuwa mutuwarsa a 1954. Sai dai wanda ke zaune a Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu yana fama da abubuwan da mutanen can ba su cika fama da su ba, wato zafin bazara da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da laimar Agusta, da gara. Shi ya sa kaso mafi tsoka na wannan bayani ya tafi ga shiri da busarwa da kariya, domin a waɗannan wurare ne aikin mai koyo ya fi lalacewa.

Tara kaya da tantance su

A ɗauki mako ɗaya ko biyu ana tara kaya kafin a taɓa almakashi. A je wurin tela a roƙi guntayen atamfa da shadda da leshi da yadin maza da suka rage daga yanka, musamman a makonnin da ke gaban sallah, lokacin da shaguna ke cika da su har a rasa inda za a kai. A gida kuma a riƙa ajiye tsohuwar kalanda, da bangon littattafan makaranta da aka gama da su, da kwalin ganyen shayi, da kwalin sukari mai shuɗi, da ambulan mai ruwan ƙasa, da takardar buhun siminti idan an samu mai tsabta, da guntun tsohon gidan sauro. Daga gona da fadama ana samun kaba da ɓawon karan dawa da buntun shinkafa da rairayi mai laushi. Duk abin da ya taɓa mai, kamar takardar da aka naɗe tsire ko ƙosai da ita, a bar shi, domin gam ba ya kama maiƙo, kuma tabon yakan ci gaba da faɗaɗa bayan an gama aiki.

Akwai tantancewar da ta fi wannan muhimmanci. Jaridu da kalandu da katunan gayyatar ɗaurin aure sukan ɗauki Bismillah ko ayar Alƙur'ani ko sunan Allah da na Manzonsa, wani lokaci a bayan shafin da mutum ke so saboda launinsa, don haka a duba kowace takarda gaba da baya, a ware irin waɗannan a adana su inda ya dace. Takardar Naira ma ba ta shiga wannan aiki ko da ta tsufa ta yage, domin dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana lalata ta. Gidaje da yawa ba sa rataya hoton mai rai, kuma wannan bai tauye wa mai aiki komai ba, tunda ga dagi, ga zayyanar bangon fada, ga aska takwas ta gaban babbar riga, ga rumbuna da giginya da jiragen ruwa, waɗanda kowannensu ya ishi mutum aikin wata guda.

Kayan aikin hannu kaɗan ne: almakashi mai kaifi, sabuwar reza, rula ta ƙarfe idan da hali, fensir, ƙaramin buroshi mai faɗi, tsumma mai tsabta, da tsohon katin banki ko wani kati mai tauri na lailaye takarda. A ware almakashin yadi daban, domin takarda tana dakusar da shi da wuri, kuma almakashin da ya dakushe tauna ƙyalle yake yi. Idan da yara a wurin, reza ta tsaya a hannun babba.

Maganar gam

Farin gam ɗin nan na kafintoci, irin su Top Bond, shi ya fi dacewa da yadi da kaba da kwali mai kauri, kuma ƙwari ba su cika damuwa da shi ba. Idan takarda maras kauri za a liƙa, a tsiyayi kaɗan a murfi a sirka shi da ruwa, kashi uku na gam da kashi ɗaya na ruwa, domin ya shafu ba tare da ya yi tudu ba.

Wanda ba ya son sayen gam, ko kuma yake shirin aiki da yara masu yawa a makaranta, yana iya dafa nasa. A ɗebi rabin gwangwanin madara na fulawa ko sitacin rogo, a auna gwangwani biyu da rabi na ruwa. A fara dama garin da ɗan ruwan sanyi har gudaji su mutu, sannan a zuba sauran ruwan, a ɗora a wuta maras ƙarfi ana juyawa ba tsayawa na minti biyar zuwa goma, har ya yi kaurin koko, farinsa ya ragu ya fara sheƙi. A sauke, a bari ya huce sarai, a tace da ƙyalle. Idan aka fara tafasa ƙwayoyin kanumfari biyar ko shida a cikin ruwan kafin a yi amfani da shi, gam ɗin yakan ɗan jinkirta yin tsami. Kada a sa gishiri kamar yadda wasu ke yi, domin gishiri yana janyo laima daga iska, kuma a watan Agusta aikin zai riƙa yin danshi. A zafinmu wannan gam ba ya wuce kwana biyu a waje, saboda haka a dafa daidai na aikin ranar. Amfaninsa shi ne yana ba mutum lokacin gyara takarda kafin ya kama, illarsa kuwa abinci ne ga kyankyasai da ɓeraye da gara, don haka duk aikin da aka yi da shi dole a rufe shi da kyau a ƙarshe.

Ƙaro, wanda malaman allo ke sa wa tawada don ta kama, shi ma yana yin aiki idan aka jiƙa kashi ɗaya a ruwan ɗumi kashi biyu ya kwana aka tace, amma takarda maras nauyi kaɗai yake riƙewa. Gam ɗin masu gyaran takalmi da mai kamawa nan take ɗin nan na cikin ƙaramin bututu, a ganina duka biyu a bar su, na farko yana da warin da ke hawa kai kuma yana mayar da takarda rawaya, na biyu kuma yana ƙona yadi ya bar tabo mai tauri. Salatif ma haka, cikin bazara ɗaya yake sakewa ya bar danƙo.

Shirya gindin aiki

Gindin aiki shi ne kwali ko katakon da za a liƙa komai a kansa, kuma shirya shi ne matakin da masu koyo suka fi tsallakewa. Takarda idan ta sha gam tana miƙewa, idan ta bushe kuma ta tsuke ta ja abin da aka liƙa ta a kai, shi ya sa kwali guda da aka liƙa wa abu a fuska ɗaya yake wayar gari a lanƙwashe. Maganin haka a yanko kwali biyu masu girma ɗaya daga katon ɗin taliya ko na fanka, a lura da layukan da ke cikinsu, a yanka ɗaya layukansa a tsaye, ɗayan a kwance, a haɗa su da gam. Daga nan a liƙa takarda iri ɗaya a fuska biyun, gaba da baya, domin jan da ta gaba za ta yi, ta baya ta mayar da shi. A sa shi tsakanin katako biyu, a ɗora bulo a kai, ya kwana.

Wanda ke son abin da zai daɗe sai ya nemi ragowar siririn katakon nan da kafintoci ke rufe bayan kabad da shi, a goge shi da takardar gugar katako, a shafa masa farin gam da aka sirka a fuska biyu ya bushe. Game da girma, a fara da na takardar A4, santimita 21 da kusan 30, idan hannu ya faɗa sai a koma ninkinta.

Idan launin da ake so bai samu a cikin abin da aka tara ba, ana iya rina farar takarda a gida. Ɓawon albasa, wanda ba a rasa shi a jihar Kebbi da ke da Aliero, garin noman albasa, idan aka tafasa shi yana ba da launi tsakanin ruwan zuma da ruwan ƙasa. Baƙin shayi yana ba da launin tsohuwar takarda, bula tana ba da shuɗin sama, lalle kuma ja mai duhu. A tsoma takardar ko a shafa mata da buroshi, a shanya a inuwa, a goge ta da dutsen guga maras zafi sosai. Zoɓo yana ruɗin mutum da jansa mai kyau, amma cikin 'yan watanni yake koɗewa ya koma ruwan toka, don haka idan ja ake so a nemi galurar masu rinin kaba ko a samo shi a jikin atamfa.

Jerawa kafin mannawa

A zaɓi abu guda da za a nuna. Bari mu ɗauki bakin kogin Matan Fada na Argungu da sassafe, wurin da ake bikin kamun kifin da aka faro a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. Ba taron bikin za a haɗa ba, domin dubban mutane a cikin ruwa sun fi ƙarfin almakashin mai koyo, kuma an riga an ce za a kauce wa masu rai. Abin da za a nuna shi ne ruwa da gaɓa da kwalekwale guda a ɗaure, da homa da gora a ajiye a kan rairayi.

A ja layi uku ko huɗu da fensir a kan gindin aikin don a san iyakar sama da ruwa da gaɓa. Kada layin da sama ta haɗu da ƙasa ya raba aikin biyu daidai, a ɗaga shi ya zama sama ta ci kashi ɗaya cikin uku kawai, kuma kada a dasa kwalekwalen a tsakiya cif, a karkatar da shi wajen dama ko hagu, bakinsa na duban inda fili ya fi yawa. A taƙaita launi zuwa uku, misali shuɗi da ruwan ƙasa da kore, sai a ƙara ɗigon launi guda mai ƙarfi a wuri ɗaya. Wannan shawara tana da wuyar bi ga wanda ya dawo daga shagon tela da leda cike da atamfa kala-kala, amma atamfa kowace da nata surutun, idan aka tara biyar a fili ɗaya babu wadda za a ji. Yadi maras zane shi ya kamata ya ci mafi yawan fili, mai zane ya shigo a 'yan wurare.

Akwai bambanci tsakanin yankakken baki da yagaggen baki, kuma da shi ake nuna nisa da kusa. Abin da ke nesa, kamar gaɓar tsallake da itatuwanta, a yaga shi da hannu don bakinsa ya yi laushi. Abin da ke kusa, kamar kwalekwale, a yanka shi da almakashi ya fito tsaf. Takarda tana da ɓangaren da take yagewa a miƙe da ɓangaren da take karkacewa, a gwada da guntu a gani kafin a yaga babba. Takarda mai launi a fuska ɗaya, kamar kwalin sukari, idan aka yaga ta yakan bar farin baki a gefe guda na yagar, kuma wannan farin layi shi ne ainihin abin da ake bukata don nuna hasken da ke kan ruwa. A yago siraran tsiri goma ko sha biyu masu tsawo dabam-dabam, a jera su a kwance, na nesa sirara kuma kusa da juna, na kusa masu faɗi da tazara.

Yadi yana da matsalar zarewar zare a baki. Dabarar ita ce a goge ƙyallen, a shafa gam kaɗan a kan farar takarda, a shimfiɗa ƙyallen a kai a danne, a bari ya bushe, sannan a zana siffar a bayan takardar a yanka. Ta haka ko bakin kwalekwale mai tsini zai fito ba zare ko ɗaya a waje. A tuna cewa abin da aka zana a baya juyawa yake yi a gaba, wanda aka zana yana duban dama zai fito yana duban hagu. Homa kuwa, a tsaga kaba siririya a jiƙa ta ta yi laushi, a lanƙwasa ta a ɗaure da zare ta bushe a haka, sannan a yanko guntun gidan sauro da aka tsoma a baƙin shayi a sa a ƙarƙashinta. Goran a yanka shi daga ambulan mai ruwan ƙasa, a ɗora masa ɗan guntu mai duhu a gefe ɗaya don ya yi kamar yana da ciki.

A jera komai a busasshe ba gam, a tashi a ja da baya taku uku a duba. A ɗauki hotonsa da waya, a mayar da hoton baƙi da fari. Idan kwalekwalen ya ɓace a cikin ruwan, to duhunsu ɗaya ne, a sauya ɗaya daga ciki. A matsa wannan, a cire wancan, a sake ɗauka. Galibi cirewa ake yi fiye da ƙarawa. Hoton ƙarshe shi zai zama jagora, domin dole a kwashe komai kafin a fara liƙawa.

Mannawa da dannewa

Daga baya ake farawa zuwa gaba: sama, sai gaɓar tsallake, sai ruwa, sai rairayin kusa, sai kwalekwale, homa da gora su zo ƙarshe. Kowane sashe ya hau kan na bayansa da kamar rabin santimita don kada gindin ya leƙo. Idan takarda ce, a bayanta ake shafa gam, daga tsakiya zuwa baki, a kan tsohuwar jarida, a bar ta kamar minti ɗaya ta sha ta gama miƙewa, sannan a ɗora, a lailaye da kati daga tsakiya zuwa waje don iska ta fita. Wanda ya ɗora ta nan take zai ga ta tattare a kan aikin. Idan ƙyalle ne da ba a yi masa bayan takarda ba, a kan gindin ake shafa gam, siriri, a jira ya fara danƙo, domin idan ya yi yawa zai huda yadin ya fito, kuma shadda ba ta ɓoye irin wannan tabo. Rairayi da buntun shinkafa ana yi musu shafi mai ɗan kauri na farin gam da ba a sirka ba, a barbaɗa, a danna da tafin hannu, bayan awa ɗaya a kife aikin a kaɗe wanda bai kama ba.

A lokacin hunturu gam yana bushewa kafin mutum ya juya, saboda haka a shafa ƙaramin wuri a liƙa, a rufe murfin, a ajiye buroshin cikin ruwa. A ajiye jiƙaƙƙen tsumma kusa don goge yatsu, domin yawancin dattin da ake gani a aikin masu koyo daga yatsa yake.

Da an gama, a shimfiɗa leda mai tsabta a fuskar aikin don kada ya kama abin da ke samansa, a sa jaridu da yawa a baya su tsotse danshi, a sa tsakanin katako biyu, a ɗora nauyi. Idan akwai abubuwa masu tudu kamar kaba, a sa ninkakken zane tsakanin ledar da katakon. Da rani kwana ɗaya ya isa. Da damina a ba shi kwana biyu ko uku, ana sauya jaridun da ke bayansa kowace safiya, in ba haka ba fumfuna za ta riga mutum. Kada a shanya shi a rana don gaggawa, lanƙwashewa zai yi.

Wasu sukan shafe fuskar aikin da farin gam da aka sirka da ruwa don ta yi sheƙi. Yana riƙe bakunan takarda da rairayi, amma yana duhunta yadi, kuma da zafi da laima yakan yi ɗan danƙon da ƙura ke maƙalewa. Ni na fi son a shafa shi a kan takarda da rairayi kaɗai, shafi ɗaya siriri, a bar yadi yadda yake. Kafin a rufe baya, a rubuta suna da shekara da fensir.

Firam na kuɗi kaɗan

Mafi sauƙi shi ne na kwali. A yanko kwali wanda ya fi aikin da santimita 5 ta kowane gefe, a huda taga a tsakiyarsa wadda ta gaza aikin da rabin santimita ta kowane gefe, a lulluɓe shi da yadi maras zane, baƙi ko ruwan toka ko ruwan madara, a naɗe bakunan zuwa baya a liƙe. A kusurwoyin tagar a tsaga yadin a karkace har kusa da lungu don ya naɗu ba tare da tattarewa ba. A ɗora wannan a kan aikin, a rufe baya da wani kwalin, a huda ramuka biyu a saman na bayan a zura igiya kafin a liƙe. Leda mai kauri maras launi, irin wadda ake shimfiɗa wa tebur, tana maye gurbin gilashi idan aka ja ta sosai a bayan tagar.

Mai son gilashi ya je wurin masu haɗa tagogin alminiyam, domin a kullum suna da ragowar da ta yi musu ƙanƙanta, su yanka masa daidai awo, mai kaurin milimita 3, su kuma goge bakinsa. Kafinta ya haɗa firam daga ragowar katako. Abu biyu ne za a kula da su. Kada gilashin ya taɓa fuskar aikin, a sa siririn kwali a gefe-gefe ya raba su, domin laima tana taruwa a jikin gilashi ta manne takarda da shi. Sannan a rufe duk wata kafa ta baya da takarda da gam, saboda ƙurar hunturu da ƙananan ƙwarin da ke cin takarda.

Akwai kuma firam ɗin da ke cikin gida tun tuni ba a lura da shi ba. Agogon bango da ya mutu, idan aka kwance injinsa da hannayensa, yana da gilashi da maratayi a shirye, sai dai a yanka aikin da'ira daidai fuskarsa. Tsohon tire da fentinsa ya koɗe yana karɓar aiki a cikinsa, bakinsa ya zama firam. Faifai kuwa, wanda iyayenmu mata suka daɗe suna jera shi a bango tare da kwanukan jere, ana ɗinka masa ƙaramin aiki a tsakiya da allura da zare, saƙarsa ta kewaye shi. Karan dawa huɗu busassu da aka kankare aka ɗaure kusurwoyinsu da zare mai launi suna yin kyau da aikin da ke da kaba da buntu, sai dai a riƙa duba su saboda ƙwari. Idan kuma a kan yadi mai ƙwari aka yi aikin gaba ɗaya, a kai wa tela ya kalmashe sama da ƙasa, a zura sanda a kowanne, a ɗaura igiya a ta sama, nauyin ta ƙasa ya miƙar da shi.

Inda za a rataya

Bangon da rana ke dukansa ta taga bai dace ba, domin jarida tana komawa rawaya cikin 'yan makonni, launin rini kuma ya koɗe. A nisanci madafa da kusurwar da ake ajiye kaskon turaren wuta, hayaƙinsa yana barin dauɗa mai maiƙo da ba ta gogewa. Bangon gabas yana da dalili biyu na a bar shi: daga gabas hadarin damina ya fi tasowa a nan, don haka shi ya fi shan ruwa ta waje ya riƙe danshi, kuma nan ne wajen alƙibla, bai kamata a sa wa mai salla abin da zai ɗauke masa hankali ba.

A ɗakin da ake zama a kujera, tsakiyar aikin ta kasance kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. Yawancin mutane kusa da silin suke kai shi, sai an ɗaga kai ake gani. A ɗakin da ake zama a tabarma ko kafet a sauko da shi zuwa wajen 120, amma a yi la'akari da hannun yara. A bangon siminti a liƙa guntun salatif na takarda a wurin, a kafa ƙusar kankare ta cikinsa tana ɗan kallon ƙasa, hakan yana rage ɓantarewar filasta. A bangon ƙasa gajeruwar ƙusa ba ta zama, sai doguwa ko turken icce, ko kuma a sauko da igiya daga azara. A liƙa murfin gorar ruwa guda biyu a kusurwoyin ƙasa na bayan firam don ya ɗan rabu da bango iska ta riƙa wucewa, wannan yana rage danshi kuma yana sa a ga hanyar gara da wuri.

Mai zaman gidan haya wanda aka hana kafa ƙusa ya jingina aikin a kan kanta ko saman kabad, ko ya sa shi cikin kabad mai gilashi. Maratayan roba masu danƙo a baya ba su jure zafin Afrilu, sukan saki da tsakar dare, idan kuma suka kama sai su taho da fenti. Ayyukan yara, waɗanda ake sauyawa kowane mako, a ja musu igiya tsakanin ƙusoshi biyu ko tsakanin ƙarfen taga da na ƙofa, a maƙale su da abin maƙale shanya. Idan ayyuka uku ko fiye za a jera a bango guda, a fara jera su a ƙasa, a bar tazarar santimita 5 zuwa 7 a tsakaninsu, a yanko jarida daidai girman kowanne a manna a bango a duba daga bakin ƙofa, sai an gamsu sannan a ɗauki guduma.

Ƙura a kaɗe ta da busasshen ƙyalle mai laushi, rairayi da buntu kuma da buroshi mai taushi, ruwa kada ya kusanci aikin. Sau ɗaya a wata a sauke shi a duba bayansa da bangon, a cikin Agusta kuma a fitar da shi ya sha iska a inuwa ranar da gari ya washe. Idan bakin wata takarda ya ɗago, a ɗebi farin gam da tsinken sakace a zura a ƙarƙashinta, a ɗora guntun leda, a danne da littafi mai nauyi na awa biyu.